Sale Sarkin Ruɓa da Ɗorawar Kaka

Duk gidan dangin da Sale ya shiga, ba mutanen gidan yake fara gaisarwa ba, turmi yake fara gaisarwa. Zai yi sallama daga zaure, kafin a gama amsawa ya riga ya kai tsakar gida, ya kwantar da turmi, ya durƙusa yana leƙen gindinsa. Daga nan ya juya kujerar tsugunno, ya ƙwanƙwasa ƙyaure, ya ɗauki itacen girki ya shinshina. Sai ya gama da su duka sannan ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce, "To, ina kwananku?" ko da kuwa an yi la'asar. Ku da kuka san shi kun san ban ƙara masa gishiri ba.

Taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka ina da ikon tsokanarsa har yanzu da yake kwance a kabari. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ya yi aiki shekara da shekaru a gidan binciken gona da ke wajen Kadawa, ba kuwa wani babban aiki ba, wankin kwalabe da farantan gilashi ne, da riƙe wa masu bincike jaka in za su shiga gona. Sai dai hannunsa na wanki, kunnensa na makaranta. Da lokacin ajiye aiki ya yi, abokansa wani ya dawo gida da keken ɗinki, wani da rediyo, shi kuwa gogan ya dawo da ciwon naman kaza. Ba ma na juji ba, wannan da ke tsirowa a jikin itace kamar kunne. Shi ya sa muka naɗa shi Sarkin Ruɓa, ya kuwa karɓi sarautar hannu bibbiyu.

Mu dai duk abin da ya tsiro a ruɓaɓɓen itace naman kaza muke ce masa. Sale ya ce wannan daidai yake da ka shiga birnin Kano ka ce kowa sunansa Audu. Shi sai ya juya abin ya dubi cikinsa: wani ƙananan ƙofofi gare shi kamar rariya, wani layi-layi kamar matsefi, wani haƙora. Ya duba launi, ya matsa ya ji tauri, ya shinshina, ya tambayi sunan itacen da aka same shi, sannan ya zana shi a littafin makaranta ya raɗa masa suna. Akwai Jan Kunne, akwai Mai Gemu, akwai Faifan Tsohuwa. In ka kuskura ka ce ai wannan da wancan duk ɗaya ne, to ka janyo wa kanka karin maganar da ya mayar tasa ta kansa: kama da wane ba ta wane.

Rigimata da shi mafi tsawo a kan ɗorawar Kaka aka yi ta, a tsakiyar shekarun tamanin. Yaran yanzu sun buɗe ido sun ga fili fetal daga Kura har Bunkure, suna tsammanin haka Allah ya yi shi. Da can itatuwa ne ko'ina, sai da aikin ruwan noman rani ya zo katafila ta bi ta kwantar da su don a daidaita ƙasa a ja kanal. A duk gonakin gidanmu ɗorawa ɗaya ce ta tsira, wadda kakanmu ya yi rainonta tun tana tsiro, ita ma don tana can bakin iyaka ne, ba ta tare wa katafila hanya ba. Da aka yi rabo gonar ta faɗo hannuna. A ƙarƙashinta ake jera kwandunan tumatir, a nan mata masu tsinka suke hutawa su kwantar da jariransu, daga jikinta kuma gida uku suke samun kalwar daddawa.

To, ƙarshen wata damina sai ga wani abu ya fito a gindinta, faɗin tafin hannu, ja jawur yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, bakinsa fari. Irinsa sak na gani bara waccan a gindin mangwaron Alhaji Mati, maƙwabcin gonata, kafin iska ta kayar da mangwaron ya rushe masa ɗakin ajiyar taki. Ba zan ɓoye muku ba, akwai kuma son zuciya a ciki, don inuwar ɗorawar nan tana cinye mini kunyoyin tumatir masu yawa. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, na aika a nemo mini masu gatari.

Ban san wanda ya kai wa Sale tsegumi ba. Sai ga shi tafe a kan kekensa, keken nan da birkinsa ya mutu tun zamanin farar hula, ya ƙi gyarawa wai Allah ya riga ya ba shi birki biyu a ƙafa. Ya tirje da silifa ya tsaya, ya kwanta rub da ciki a gindin ɗorawar. Da ya tashi ya ce ba mai taɓa itacen nan sai an san ko wane ne baƙon. Ya ce su iri biyu ne. Akwai 'yan shara, waɗanda mataccen itace kawai suke ci, su bar rayayye ya yi rayuwarsa. Akwai kuma masu cin itace da ransa tun daga saiwa, irin wanda ya kashe mangwaro. In ɗan shara ne ya samu wata matacciyar saiwa yake lasa, to sare ɗorawar zalunci ne.

Na ce ai ba sai an yi dogon Turanci ba, ga shi nan, shi ne na mangwaron Alhaji Mati.

Ya ce, "Ka ga takardar haihuwarsa?"

Na ce na ga fuskarsa.

Ya ce, "Kama da wane ba ta wane, Habu. Kai ma ana cewa ka yi kama da Kaka, amma Kaka bai taɓa kiran mai gatari ba."

Masu aikin gonata suka fashe da dariya, ni kuwa na haɗiye ta da ƙyar. Ya nemi in ba shi mako biyu. Na ba shi, don in ka hana Sale mako biyu, to zai zauna a zaurenka mako uku yana yi maka bayanin dalili.

Gwajin farko a kan rigata ya ƙare. Ashe kowane naman kaza yana zubar da wata ƙura mai laushi daga cikinsa, ita ce irinsa, kuma launinta yana nuna gidan da ya fito. Sai an kifa shi a kan farin abu ya kwana sannan a gan ta. Sale yana da farar takarda, amma mutumin da yake rubutu har a bangon littafi ba zai ɓata shafi biyu a kan ƙura ba. Ranar wata Alhamis ya shiga gidana ba na nan, ya gaisa da turmi, ya tarar Ladi matata ta wanke mini farar babbar rigata ta Juma'a ta shanya. Ya ce mata zai ari rigar don wani muhimmin aiki na gonar mijinta. Bai kuwa yi ƙarya ba. Juma'a da hantsi ya dawo mini da ita a ninke tsaf. Na warware, sai ga tabo biyu launin ƙasa a daidai ƙirji, kowanne an zagaye shi da biro, an rubuta a ƙarƙashin ɗaya "Mangwaro", a ƙarƙashin ɗayan "Ɗorawa".

Na ɗaga rigar ina jujjuyawa. Shi kuwa yana nuna mini da yatsa, wai in lura da kyau, launinsu ɗaya ne, amma wannan ba hujja ba ce, don akwai gidaje da yawa masu wannan launi.

Na ce, "Ba hujja ba ce? Wato rigata ta tafi a banza ke nan?"

Ya ce, "Wane irin a banza? Jiya zato muke yi. Yau mun tabbata ba mu sani ba."

Da tsohuwar shuɗiyar riga na je masallaci ran nan, raina a jagule, shi kuwa yana gefena a sahu hankalinsa kwance.

Mako biyu ya zama wata biyu, shiru kake ji wai malam ya ci shirwa. Na dasa tumatir ina kewaya inuwar, ina ƙunƙuni. A tsakanin nan ne aka yi abin duba-gari. Kun tuna lokacin soja da aka matsa wa kowa a kan tsabta, ana bi gida-gida. Bayan ɗakin Sale kuwa akwai rumfa cike da gungume da kututture, kowanne da abin da ya tsiro a kansa, kullum safe yana yayyafa musu ruwa kamar mai lambu. Dije matarsa takan ce a duk faɗin Kura ita kaɗai ce matar da gidanta ke cike da itace tana girki da kara. Duba-gari ya shigo da littafinsa, saurayi ne mai ɗagawa, ya ga rumfar, ya ce a ƙone wannan shara yau-yau.

Sale ya ce to, umarnin hukuma ai ba a ja da shi, amma wanne ne sharar daga ciki, don kada a ƙone mara laifi. Ya kama hannun yaron nan ya fara gabatar masa da su ɗaya bayan ɗaya. Ga Mai Gemu, a kan gawo aka samo shi, shinshina ka ji. Ga Faifan Tsohuwa, juya shi ka ga cikinsa. Tun hantsi ake abu ɗaya har aka kira azahar, ba su kai rabin rumfar ba. Duba-gari ya ce bari ya je ya yi salla ya dawo, ya fita bai rubuta ko harafi ɗaya ba, bai kuma dawo ba. Bayan mako guda sai ga shi da yamma babu kaki, ya ja Sale gefe, ya warware wata tsohuwar jarida. Guntun katakon ƙofar ɗakinsa ne, da wani farin abu a manne. Sale ya juya shi, ya shinshina, ya ce ɗan shara ne, ruwan indararo ne ke zuba a kan ƙofar, a gyara indararon. Da yaron ya yi godiya zai tafi, sai ya bi shi da cewa, "Amma gidan nan naka ya kamata duba-gari ya leƙa shi."

Da na matsa masa lamba a kan maganar ɗorawa, sai ya ce ido ya gama nasa aikin, hanci ma ya gama, saura ɗaurin aure. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Za a ɗebi ƙurar na mangwaro da ta na ɗorawa, a shuka kowacce daban a farantin gilashi mai murfi, har ta tsiro da farin zare kamar auduga. Sannan a yanko kaɗan daga nan, kaɗan daga can, a haɗa su a faranti ɗaya. Su waɗannan halittu auren zumunci kawai suka sani. In asalinsu ɗaya ne, zaren zai haɗu, in ka duba a madubin nan na likitoci mai ƙara wa abu girma za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikin zaren, aure ya ɗauru ke nan. In kuwa bare ne, kowa zai zauna a gefensa har abada. Fuska tana ruɗi, in ji shi, amma asali ba ya ƙarya. Ya ce wata rana za a ƙera na'urar da za ta karanta asalin abu kai tsaye ba sai an ɗaura aure ba. Na ji an ce yanzu an ƙera ta, ni dai ban gani ba.

Madubin yana can tsohon wurin aikinsa, wani matashin ma'aikaci, Malam Yusha'u, shi yake barinsa ya shiga ya duba. Amma abincin ango da amarya a gida Sale yake dafawa, da ruwan dankali da sukari da wani gari da yake rokowa a can. A zamanin da sukari sai an bi layi! Mutumin da bai taɓa yarda a sa masa sukari a koko ba, wai yana kashe ɗanɗanon gero, shi ne yake auna cokali biyu cur ya zuba wa ruɓa. Ran nan Dije ta yi baƙi daga Garun Malam, ta dawo daga rakiyar wata ta ga madambacinta a kan wuta yana tururi, ta yi murna wai yau maigida ya tuna da baƙi. Ta ɗaga murfi a gabansu, sai ga farantan gilashi a jere, babu ko ƙwayar tsaki. Har ta rasu ba ta daina ba da wannan labari ba.

Ni ma na samu abin tsokana. Duk inda na gan shi sai in tambayi lafiyar amarya, in ce har yanzu ban ga goron ɗaurin aure ba. Rannan a gaban jama'a ya sa hannu a aljihu ya ciro goro ɗaya, ya ɓare, ya miƙo mini ɓari, ya ɗan yi tunani, ya karɓe ya gutsure rabi, ya ba ni sauran. Ya ce auren gwaji ne, goronsa ba ya cika.

Sai dai akwai abin da ya faru da ni a watannin nan wanda ban gaya wa kowa ba. Kusan kullum Sale sai ya biyo ta gona ya duba baƙon nasa, mu zauna a inuwar, ni ina mita, shi yana ba da labari. Ni ina ƙarami Kaka ya rasu, fuskarsa ma da ƙyar nake tunawa. A bakin Sale na ji yadda ya kewaye tsiron da ƙaya saboda awaki, yadda a shekarar fari yake rage ruwan alwalarsa ya zuba masa, da yadda uwata tana yarinya ta hau ɗiban ɗorawa ta faɗo ta karya haƙori, ta ce wa Kaka jaki ne ya harbe ta. Wushiryar da na sani a bakinta tun ina goye, ashe ta ɗorawa ce. Kafin zafi ya shigo na daina son a sare itacen nan. Na yi shiru da bakina ne kawai don kada Sale ya ce ya yi nasara.

Ana cikin tsinkar ƙarshe ta tumatir, ɗorawa ta yi 'ya'ya sun zubo reto-reto, sai na hango shi tafe yana tura keken maimakon ya hau. Ya jingine shi, ya zauna, ya daɗe yana kallon sama.

Ya ce, "Habu, aure ya ɗauru. Shi ne. Ka nemo masu gatarinka kafin iskar farkon damina."

Nan fa reshe ya juye da mujiya. Na ce ba mai taɓa itacen nan. Na ce ya dubi ganyenta, ya dubi 'ya'yanta, wace mara lafiya ce take haihuwa haka? Ya ce ta ciki ake cinta, ganye shi ne na ƙarshen jin labari. Na ce madubin nasu ya tsufa. Ya ce madubin ya fi ni ƙuruciya. Mata masu tsinka suka bar aiki suna kallonmu, wata ta ce ita fa ta rikice, wai waye mai sarewa waye mai hanawa. Da na rasa makami sai na ɗauko nasa na jefe shi da shi.

Na ce, "Kai ba ka ce kama da wane ba ta wane ba?"

Ya ce, "Na faɗa. Wannan karon wane ne ya zo da kansa."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya nuna mini da haɓa wata jaririya da uwarta ta shimfiɗe a kan zane tsakanin saiwoyi biyu, tana barcinta. Nan take na amince a sare.

Muka jira 'ya'yan suka nuna, aka kaɗe su tas, gida ukun nan suka raba kalwarsu ta ƙarshe. Ranar sara Sale ya riga kowa zuwa, ya tsaya har ta kwanta. Da muka leƙa gindin, ingantaccen itacen da ya rage a kewaye bai fi faɗin yatsu huɗu ba, cikin duk ya zama fari fat, yana marmashewa a hannu kamar jiƙaƙƙen burodi. Masu gatari suka yi salati. Na dafa kafaɗarsa na ce to Sarkin Ruɓa, ka ci gari. Tun da nake da shi ran nan ne kaɗai na tsokane shi bai rama ba. Rassan dai ya sa aka kai wa Dije, ta yi girki da itace karon farko cikin shekaru, ko da yake ta ce sai da ta riƙa gadinsu, don da ta juya baya yake zare ɗaya ya kai rumfa.

Damina biyu ya ƙara a duniya. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya tafi salin-alin. A zaman makoki Malam Yusha'u ya zo gaisuwa, ya zauna kusa da ni. Don in rage wa kaina nauyin zuciya sai na ce masa mutumin nasu fa ya iya jan rai, mako biyu ya ce mini, ya yi wata shida. Malam Yusha'u ya dube ni, ya ce ashe bai gaya mini ba. Ya ce gwajin ba ya wuce 'yan makonni, tun kafin sanyi ya fita Sale ya ga ƙulle-ƙullen nan da idonsa. Ya wanke farantan ya sake daga farko. Sau huɗu yana sakewa, kowane karo sai ya yi alwala kafin ya sa ido a madubi, yana roƙon Allah ya sa kuskure ya yi.

Ya ce a karo na huɗu, da ya ga halin da dattijon yake ciki, sai ya ce masa, "Baba, daga ni sai kai muka gani. In ka ce ba shi ba ne, wa zai musa maka?"

Sale ya ce, "Ba mai musawa, shi ya sa ba zan faɗa ba. Yaron nan Habu duk abin da na gaya masa yarda zai yi."

Ni da na shekara hamsin ina musa masa komai, har da lokacin sallar la'asar. A gaban mutane na yi kuka ran nan, ban ji kunya ba, yau ma da nake ba ku labarin idona ya cika.

Allah ya jiƙan Sale ɗan kawuna. Ya faɗi gaskiyar da ta fi yi wa shi kansa ciwo, Allah ka sa ta zame masa inuwa ranar da babu wata inuwa sai taka. Ka haɗa shi da Kaka da Dije a gidan rahama, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.